Jini Ke Kawo Magaji, Doka Ke Naɗa Sarki

Masu kare sarautar gado suna da hujja guda da nake ganin nauyinta: ranar da sarki ya rasu ba a buɗe kasuwar neman kujera, domin an san magaji tun shekaru kafin a buƙace shi. Sauran hujjojin, na tarihi da martaba da haɗin kan ƙasa, ana iya jayayya a kansu har gobe. Wannan kuwa a aikace ake ganinta. Sai dai wanda ya karɓe ta dole ya karɓi abin da ke biye da ita. Idan amfanin gado shi ne tabbas, to duk kafar da doka ta bari a buɗe, ko don sarki mai ci, ko don dangi, ko don 'yan siyasa, wannan amfanin take ci. Ra'ayina shi ne, ƙasar da ta zaɓi sarautar gado wajibi ne ta rubuta komai filla-filla tun sarki na da ƙoshin lafiya, tun ba a san wanda ƙa'idar za ta amfana ko ta cutar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jini shi kaɗai ba ya raba gardama, domin sarki ɗaya kan bar 'ya'ya da ƙanne da jikoki, duk jininsa. Ƙa'ida ce ke ware mutum ɗaya daga cikinsu, kuma mutane ne ke rubuta ta. Birtaniya, wadda ake yi wa kallon gidan tsohuwar al'ada, ita ta fi kowa nuna haka. A 1689 majalisar dokoki ta ayyana cewa James na Biyu ya bar karaga, ta miƙa ta ga William da Mary bisa rubutattun sharuɗɗa. A 1701 ta sake yin doka, ta mayar da gadon ga Sophia ta Hanover da zuriyarta mabiya Furotesta. Da Sarauniya Anne ta rasu a 1714, ɗan Sophia ne ya hau da sunan George na Ɗaya, alhali akwai sama da mutum hamsin da suka fi shi kusanci ta jini, aka tsallake su saboda 'yan Katolika ne. Sarkin Birtaniya na yau da ƙarfin waccan dokar yake zaune, kuma majalisar da ta yi ta tana da ikon gyara ta.

Ƙasashe masu rubutaccen kundi sun fi fitowa fili. Sashe na 1 na kundin tsarin mulkin Japan, wanda ya fara aiki a 1947, ya ce matsayin sarki daga yardar jama'a ya samo asali, sashe na 2 kuma ya ce gado zai bi dokar gidan sarauta da majalisa ta zartar. Na Sifaniya na 1978 ya ambaci Juan Carlos da suna a sashe na 57, ya mai da shi tushen da za a riƙa lissafin gado daga kansa. Beljiyam ta fi su tsanantawa. A can magaji ba ya zama sarki sai ya yi rantsuwa a gaban zaurukan majalisa biyu a haɗe, kafin nan kuma majalisar ministoci ce ke riƙe da ikon sarki da sunan jama'a. Sarki Baudouin ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1993, ƙanensa Albert na Biyu ya yi rantsuwa ranar 9 ga Agusta. A tsakani ƙasar ba ta da sarki, amma babu wanda ya ruɗe, domin kundi ya faɗi mai riƙe da kowane iko.

Dokar gado mai kyau tana amsa tambayoyin da suka fi "ɗan wane ne" yawa. Daga wane kaka ake fara lissafi? Jikan da mahaifinsa ya riga sarki rasuwa yana gaba da kawunsa ko yana baya? Mace tana gado, in tana yi a wane matsayi? Wane aure ne doka ta amince da 'ya'yansa? Akwai sharaɗin addini? A ina layin ya tsaya? Holan ta tsayar da shi a mataki na uku na kusanci da sarki, shi ya sa da Willem-Alexander ya hau a 2013 'ya'yan ƙanwar mahaifiyarsa suka fita daga jerin magada ba tare da an yi wata sabuwar doka ba. Har ɗan da ke ciki sai an yi masa tanadi. Alfonso na Sha Biyu na Sifaniya ya rasu a Nuwamba 1885 matarsa na da juna biyu, aka jira har Mayu 1886, aka haifi namiji, ya zama sarki ranar haihuwarsa. Kundin Holan ya toshe wannan kafar da sashe guda: wajen gado ana ɗaukar ɗan ciki kamar an haife shi, idan kuma bai zo da rai ba ana ɗauka kamar ba a taɓa samunsa ba.

Abin da ke ɓaci shi ne a taɓa ƙa'ida bayan an ga fuskokin masu jira. Sarki Fernando na Bakwai na Sifaniya ya fitar da doka a 1830 da ta buɗe wa mata gado, a shekarar da aka haifi 'yarsa Isabel. Ƙanensa Carlos, wanda ya daɗe yana ganin shi ne magaji, ya ƙi yarda. Sarki na rasuwa a 1833 yaƙin basasa ya ɓarke, ya ci shekaru, ya kuma sake tashi daga baya a cikin ƙarnin. Ko da gyaran ya dace, lokacinsa ne ya sa rabin ƙasa ta ɗauke shi a matsayin uba na share wa 'yarsa hanya.

A zamanin nan ma matsalar ta dawo, sai dai ba a zub da jini ba. Suwidin ce ta fara daidaita mace da namiji, ɗan fari ya gaji ko wane jinsi ne, daga 1 ga Janairu, 1980. Amma dokar ta shafi waɗanda aka riga aka haifa. Carl Philip, da aka haifa a Mayu 1979 yana yarima mai jiran gado, ya koma bayan yayarsa Victoria yana ɗan watanni bakwai. Norwe ta yi nata gyaran a 1990, ta ce sabuwar ƙa'ida ta fara daga waɗanda za a haifa nan gaba, don haka Yarima Haakon ya ci gaba da zama gaban yayarsa. Birtaniya ta bi sahun Norwe, ta sa ranar 28 ga Oktoba, 2011 a matsayin iyaka. Ni hanyar Norwe na fi gamsuwa da ita, ko da yake ta jinkirta adalci tsara guda. Dokar gado tana samun ƙarfinta ne daga yadda babu wanda zai iya cewa don wane aka yi ta.

Akwai kuma tambayar da masu rubuta kundi kan yi sakaci da ita: a ina za a ajiye ƙa'idar, kuma yaya wahalar gyara ta? Sifaniya ta sa fifikon namiji a cikin kundi, ta kulle babin sarauta da sashe na 168. Kafin a gyara shi sai kashi biyu bisa uku na kowane zaure ya amince, a rusa majalisa, a yi sabon zaɓe, sabuwar majalisa ta sake amincewa da kashi biyu bisa uku, sannan a je ƙuri'ar raba gardama. Babu gwamnatin da za ta rusa kanta don wannan, balle ana tsoron ƙuri'ar ta rikiɗe ta zama hukunci a kan sarautar baki ɗaya. Sakamakon haka, Gimbiya Leonor, babbar 'yar sarkin Sifaniya, ta yi rantsuwar magajiya ranar 31 ga Oktoba, 2023, alhali a takarda da za a haifa mata ƙane namiji da ya shige gabanta. Japan kuwa a dokar majalisa ta ajiye tata ƙa'idar, gyaranta ba ya bukatar taɓa kundi, amma siyasa ta hana. Dokar ta ce namiji daga tsatson namiji kawai, gimbiyar da ta auri talaka ta fita daga gidan, kuma a 1947 an sallami rassa 11 na dangin sarauta. Yau mutum uku suka rage a layi: ƙanen sarki Fumihito, ɗansa Hisahito da aka haifa a 2006, sai kawun sarki, Yarima Hitachi, da aka haifa a 1935. Makomar gidan sarautar da ya fi kowanne daɗewa a duniya tana rataye a wuyan saurayi guda. Birtaniya nata nauyin daban ne: ƙasashe 16 da ke tarayya a sarki ɗaya a lokacin sun amince da gyara a birnin Perth na Ostireliya a 2011, amma bai fara aiki ba sai Maris 2015, domin kowacce sai ta daidaita dokarta.

Inda na fi son a tsaya a yi nazari shi ne ƙasashen da suka bar wa sarki ko dangi zaɓi. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Ɗan fari na iya zama yaro, ko marar lafiya, ko wanda bai cancanta ba, kuma inda sarki ke mulki da gaske wannan babban haɗari ne. Jodan ta gyara sashe na 28 na kundinta a 1965 don sarki ya iya zaɓar ɗaya daga cikin 'yan'uwansa. Sarki Husaini ya naɗa ƙanensa Hasan, wanda ya zauna a matsayin magaji kusan shekara 34. A Janairu 1999, makonni biyu kafin rasuwarsa ranar 7 ga Fabrairu, ya sauke shi ya naɗa ɗansa Abdullahi. Shi ma Abdullahi ya naɗa ƙanensa Hamza, ya sauke shi a 2004, sannan ya naɗa ɗansa a 2009. Duk waɗannan matakai suna kan doka. Amma kowannensu ya bar mutum mai jinin sarauta, mai magoya baya, wanda ya taɓa riƙe muƙamin aka karɓe. Maroko ta taƙaita zaɓin. Sashe na 43 na kundin 2011 ya ce babban ɗa namiji ne magaji, sai dai idan sarki tun yana raye ya zaɓi wani daga cikin 'ya'yansa maza. Kafar ta fi ƙanƙanta, amma tana nan.

Saudiyya ta faɗaɗa ta. Dokar mulki ta 1992 ta ce sarauta tana cikin 'ya'yan Sarki Abdul'aziz da jikokinsa, a yi wa wanda ya fi cancanta mubaya'a. Wa ke auna cancantar? A 2006 aka kafa majalisar mubaya'a don wannan aikin, amma tsakanin 2015 da 2017 an sauke yarima mai jiran gado har sau biyu da umarnin sarki. Oman ta gwada wata hanya. A ƙarƙashin Sultan Ƙabus, dangi ke da kwana uku su zaɓi magaji, idan suka kasa sai a buɗe wasiƙar da ya bari a rufe. Da ya rasu a Janairu 2020 aka buɗe wasiƙar, aka sami sunan Haisam bin Tariƙ, komai ya tafi lafiya. Abin lura shi ne matakin da Haisam ya ɗauka. Shekara guda bayan hawansa ya fitar da sabuwar dokar mulki, ya ƙirƙiro muƙamin yarima mai jiran gado, ya ce babban ɗa ne zai gaji uba. Mutumin da wasiƙa ta kawo shi ne ya rufe babin wasiƙa.

Idan har za a bar zaɓi, tsarin Kuwait na 1962 ne ya fi kama hankali. Sashe na 4 ya taƙaita gado ga zuriyar Mubarak Al-Sabah, ya ba sarki shekara guda ya gabatar da magaji, majalisar dokoki ta amince da rinjaye. Idan ba ta amince ba, sai ya kawo aƙalla mutum uku ta zaɓi ɗaya. Akwai wa'adi, akwai hannu na biyu, akwai mafita idan an cije. Rauninsa ya bayyana a Mayu 2024, da sarki ya rusa majalisar ya dakatar da wasu sassan kundi, aka naɗa magaji a watan Yuni babu majalisa a zaune. Takunkumin da mai sanye da shi ke iya cirewa da hannunsa bai gama aikinsa ba.

Ƙuruciya da rashin lafiya su ne wuraren da aka fi yi wa sarauta fin ƙarfi a tarihi, domin mai riƙon ƙwarya yana da iko amma ba shi da haƙƙi na dindindin. Doka na bukatar faɗin abu huɗu ƙarara: shekarun balaga, wanda zai riƙe, wanda ke tabbatar da gazawa, da yadda ake mayar da iko. Dokar Birtaniya ta 1937 ta sa shekara 18, ta ba na gaba a layi riƙo, ta kuma ce sai uku daga cikin mutum biyar sun sa hannu bisa shaidar likitoci: mijin ko matar mai sarauta, ministan da ke riƙe da babban hatimin ƙasa, kakakin majalisar wakilai, da manyan alƙalai biyu. Hikimar a nan ita ce magajin da zai amfana ba ya cikin biyar ɗin. Jodan ta bi ta majalisa: a Agusta 1952 ta sauke Sarki Talal saboda taɓin hankali, majalisar riƙo ta zauna har ɗansa Husaini ya cika 18 a lissafin watan Musulunci, ya karɓi iko ranar 2 ga Mayu, 1953. Majalisar Kuwait ta sauke Shaikh Sa'ad ranar 24 ga Janairu, 2006, kwana tara bayan hawansa, saboda rashin lafiya. Suwidin ta sa ma'auni mai sauƙin ƙirgawa: wata shida a jere sarki bai yi aiki ba, gwamnati ta kai wa majalisa, majalisa ta yanke ko a ɗauka ya yi murabus.

Murabus ma sau da yawa ba a shirya masa. Da Edward na Takwas na Birtaniya ya sauka a Disamba 1936 sai da aka yi doka ta musamman, kuma saboda kowace ƙasar da yake sarauta a kanta da tata hanyar, ranar saukarsa a Afirka ta Kudu da Birtaniya da Ailan ta bambanta. Kundin Sifaniya ya ce za a warware murabus da doka, amma shekara 36 ba a yi dokar ba, sai da Juan Carlos ya sanar da aniyarsa ranar 2 ga Yuni, 2014 aka rubuta ta cikin gaggawa, sannan a Yuli aka biyo da wata don fayyace kotun da za ta iya sauraron ƙararsa. Akihito na Japan ya fi shiga tsaka mai wuya. Kundi ya hana shi tsoma baki a siyasa, don haka ba zai iya neman a canja doka ba, sai dai ya yi jawabi a Agusta 2016 yana bayyana damuwarsa kan tsufa. Aka yi doka ta mutum ɗaya a 2017, ya sauka ranar 30 ga Afrilu, 2019. Wanda zai biyo baya da irin wannan bukata zai sake farawa daga tushe.

Sai batun iko. Ginshiƙin sarauta mai bin kundi ciniki ne mai fuska biyu: ba a tuhumar sarki, ministoci ne ke ɗaukar alhaki. Holan ta rubuta shi tun 1848. Beljiyam ta ce babu takardar sarki da ke aiki sai minista ya sa hannu a ƙasanta, da wannan sa hannun kuma ya ɗauki nauyinta. Ma'anarsa ita ce wanda ba a iya kai shi ƙara ko a kayar da shi a zaɓe bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Tambayar da ke biye ita ce, idan sarki ya ƙi sa hannu fa? A Birtaniya rabon da a ƙi tun 1708, al'ada ce kawai ke riƙe da abin. A Afrilu 1990 Baudouin ya ce lamirinsa bai yarda ya sa hannu a dokar zubar da ciki ba. Kundi bai tanadi haka ba, sai gwamnati ta ari sashen gazawar sarki, ta ayyana shi a matsayin wanda ba ya iya mulki, ministoci suka sa hannu, washegari majalisa ta mayar da shi. Na fahimci dalilinsu, kuma ina girmama mutumin da bai sayar da imaninsa ba. Amma an yi amfani da sashen da aka tanada don rashin lafiya ko tsarewa a kan mutum mai cikakken hankali, kuma duk gwamnatin da ta zo daga baya ta ga cewa ana iya yin haka. Luksambag ta fuskanci irin wannan a 2008 kan dokar taimaka wa marar lafiya ya mutu, ta bi hanya mafi tsafta: ta gyara sashe na 34, ta cire bukatar amincewar mai sarauta, aka bar masa sanar da doka kawai. Malesiya tun 1994 ta ce kwana 30, in ba a sa hannu ba ƙuduri ya zama doka da kansa. Sifaniya ta ba sarki kwana 15, sai dai ba ta faɗi abin da zai faru idan ya ƙi ba.

Naɗa firaminista shi ne wuri na biyu da sarki kan faɗa cikin siyasa ba da son ransa ba, musamman idan babu jam'iyya mai rinjaye. Suwidin ta ɗauke masa wannan nauyin a kundin 1974, ta ba kakakin majalisa. Majalisar Holan ta karɓi jagorancin kafa gwamnati a 2012. Maroko ta ɗaure sarki da ya zaɓa daga jam'iyyar da ta zo ta ɗaya.

Rigar kariya ita ce inda nake ganin yawancin kundaye sun yi kuskure. Dalilin kariyar shi ne minista ya ɗauki alhakin aikin hukuma. To wane minista ne ke sa hannu a asusun sarki na kansa, ko a dukan da ya yi wa wani? Babu. Idan kariya ta rufe har waɗannan, an sami aikin da babu mai amsa tambaya a kansa. Sashe na 56 na kundin Sifaniya bai bambanta ba. Da masu gabatar da ƙara suka rufe binciken kuɗaɗen Juan Carlos a Maris 2022, ɗaya daga cikin dalilansu shi ne abin da ya faru kafin Yuni 2014 yana ƙarƙashin kariya. An kare mutumin, gidan sarautar ne ya biya da mutuncinsa. Malesiya ta gyara nata a 1993. Ta kafa kotu ta musamman mai alƙalai biyar, uku manyan alƙalan ƙasa, biyu kuma majalisar sarakuna ke naɗawa, kuma ba a shigar da ƙara sai da amincewar babban lauyan gwamnati. Akwai shinge da ke hana ƙarar cin mutunci, amma ƙofa a buɗe take. Fiye da shekara 30 ke nan, sarautar Malesiya ba ta rushe ba.

Za a ce mini ɗaure sarki da rubutu yana hana shi ceton ƙasa ranar da 'yan siyasa suka gaza. Za a kawo Haakon na Bakwai na Norwe, wanda ya ƙi naɗa Quisling, ɗan koren Jamus da ta mamaye ƙasar, shugaban gwamnati a 1940, da Juan Carlos, wanda ya fito a talabijin a daren yunƙurin juyin mulkin 23 ga Fabrairu, 1981. Misalan gaskiya ne, amma a duba abin da suka yi. Haakon ya gaya wa ministocinsa cewa hukunci nasu ne, idan sun miƙa wuya ga Jamus shi zai yi murabus. Juan Carlos ya umarci sojoji su tsaya kan kundin da jama'a suka amince da shi. Dukansu bayan doka suka tsaya. Waɗanda suka yi amfani da faffaɗan ikonsu yadda suka ga dama labarinsu daban ne. Victor Emmanuel na Uku na Italiya ya naɗa Mussolini firaminista a Oktoba 1922, Italiya ta soke sarauta da ƙuri'a a Yuni 1946. Gyanendra na Nepal ya karɓi mulki kai tsaye a Fabrairu 2005, aka soke sarautar ranar 28 ga Mayu, 2008. Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba: ikon da aka bar wa sarki ba a rubuce ba, firaminista ne ke amfani da shi a aikace. A 2019 an shawarci Sarauniya Elizabeth ta dakatar da majalisa na makonni biyar, ta bi shawara kamar yadda al'ada ta tilasta mata, sai kotun ƙoli, da bakin alƙalai 11, ta ce shawarar ta saɓa doka.

Saura ƙofar fita. Kundin Maroko ya haramta gyaran da zai taɓa tsarin sarauta. Butan ta ɗauki akasin haka a 2008: sarki ya sauka idan ya kai shekara 65, kuma ana iya tsige shi idan kashi uku bisa huɗu na majalisa a zaman haɗin gwiwa suka amince, jama'a suka tabbatar da ƙuri'a. A Liktenstain, inda yarima ke da ikon hana doka, 'yan ƙasa 1,500 na iya gabatar da bukatar soke sarautar. Ina goyon bayan a rubuta irin wannan hanya, da ma'auni mai tsauri da aka sani tun farko, domin rashinta ba ya hana tambayar tasowa. Beljiyam ba ta da tanadin ƙuri'ar raba gardama a kundinta, amma rikicin da ya biyo bayan halin da Sarki Leopold na Uku ya nuna a lokacin mamayar Jamus ya tilasta mata shirya ta jin ra'ayi a Maris 1950. Kusan kashi 58 cikin 100 suka ce ya dawo. Sai dai ba a amince tun farko kan rinjayen da zai wadatar ba, ko yadda za a yi idan yankuna suka saɓa. Yankin Filandas ya goyi bayansa da kusan kashi 72, yankin Waloniya ya ƙi shi. Ya dawo a Yuli, yajin aiki ya game yankin masana'antu, jami'an tsaro suka harbe masu zanga-zanga kusa da Liège. A Agusta ya miƙa ikonsa ga ɗansa Baudouin, ya kuma yi murabus ranar 16 ga Yuli, 1951.